Mazari

Mazari ƙwaro ne mai fikafikai huɗu, da manyan idanu, da dogon ciki siriri, wanda ake yawan gani yana shawagi a bakin tafki, kududdufi, rafi da fadama. A ilimin halittu yana cikin rukunin ƙwarin da ake kira Odonata, wanda ke da jinsi sama da 6,000 da aka sani. Ana samun sa a kowace nahiya in ban da Antatika. Rukunin ya kasu manyan gida biyu: Anisoptera, wato babban mazari mai kauri da ƙarfin tashi, da Zygoptera, wato siririn mazari mai tashi a hankali cikin ciyayi.

Ko da yake a sama aka saba ganin sa, mazari ɗan ruwa ne. A cikin ruwa ake ƙyanƙyashe shi, a nan yake girma, kuma a jinsuna da yawa zaman da yake yi a ƙarƙashin ruwa ya fi kwanakin da yake yi yana tashi. Saboda haka irin mazarin da ake samu a wani wuri yana nuna halin da ruwan wurin yake ciki, kuma masu nazarin muhalli suna koyon gane jinsunansa domin auna lafiyar koguna da tafkuna.

Suna

A Hausa kalmar mazari ita ce kuma sunan siririn sandan da mata ke kaɗa auduga da shi ta zama zare. Ba Hausa kaɗai ta haɗa abubuwan biyu da suna ɗaya ba. A harshen mutanen Suwidin ana kiran wannan ƙwaro trollslända, kuma slända na nufin mazarin kaɗi.

Turanci da Faransanci suna da suna daban ga kowane gida. A Turanci babban shi ne dragonfly, siririn kuma damselfly. A Faransanci ana cewa libellule da demoiselle. Wannan maƙala tana amfani da "babban mazari" da "siririn mazari" domin raba su.

Masanin ƙwari ɗan ƙasar Denmak, Johan Christian Fabricius, shi ya raɗa sunan Odonata a shekarar 1793, daga kalmar Girkanci mai nufin haƙori, saboda muƙamuƙin ƙwaron mai tsini. Sunayen Anisoptera da Zygoptera kuwa daga Edmond de Sélys Longchamps ne, ɗan ƙasar Beljiyam, a 1854. Na farko yana nufin fikafikan da ba su yi daidai da juna ba, na biyu kuma fikafikan da suka zo iri ɗaya.

Surar jiki

Kamar sauran ƙwari, jikin mazari kashi uku ne: kai, ƙirji da ciki. Idanu biyu ne suka cinye mafi yawan kan. Kowane ido tarin ƙananan idanu ne, waɗanda a manyan jinsuna suke kai wajen 30,000, abin da ke ba shi damar ganin gaba da gefe da sama a lokaci guda. Gashin jin motsi guda biyu da ke goshinsa gajeru ne ƙwarai, da ƙyar ake ganin su.

A ƙirji fikafikai huɗu da ƙafafu shida suke. Kowane fiffike yana da naman da ke motsa shi shi kaɗai, shi ya sa mazari ke iya tsayawa cak a iska, ya juya nan take, har ya ɗan ja da baya. Kusa da ƙarshen kowane fiffike, a gefen gaba, akwai wani ɗigo mai launi wanda masu nazari ke dubawa wajen gane jinsi. Ƙafafun ba su da amfani sosai wajen tafiya. Aikinsu riƙe reshe da cafke abinci a sama.

Abin da mutane ke ɗauka wutsiya ce, ciki ne mai gaɓoɓi 10. Mazari ba shi da ƙari, ba ya harbi, kuma ba shi da dafi. Babba yana iya ɗan cizo idan aka riƙe shi a hannu, amma ba ya cutarwa.

Bambancin babban mazari da siririn mazari

Abubuwa biyar ake dubawa:

1. Fikafikai idan ya sauka. Babban mazari yana barin su a buɗe, shimfiɗe a gefe biyu. Siririn yakan haɗe su a bisa bayansa, su bi tsawon cikinsa.
2. Siffar fikafikai. A babban mazari na baya sun fi na gaba faɗi a gindi. A siririn duka huɗun kusan iri ɗaya ne, kuma suna tsukewa wajen da suka haɗu da jiki.
3. Idanu. Na babban mazari sukan taɓa juna a saman kai. Na siririn suna rabe, ɗaya a kowane gefe, har kan ya yi kama da guduma.
4. Jiki. Babban yana da kauri. Siririn cikinsa kamar tsinke ne.
5. Tashi. Babban yana da sauri, yana iya yin nisa da ruwa. Siririn yana tashi ƙasa-ƙasa, daga wannan ciyawa zuwa waccan.

Girma kaɗai ba ya raba su. Wanda ya fi kowa faɗin fikafikai a yau siririn mazari ne, Megaloprepus caerulatus na dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, wanda ke kai santimita 19. A ɗaya gefen, Nannophya pygmaea na Asiya yana gidan manya, amma faɗin fikafikansa bai wuce kusan santimita 2 ba. Akwai kuma waɗanda suka saɓa wa ƙa'idojin sama. Dangin Lestidae sirara ne amma suna sauka da fikafikai rabi a buɗe, dangin Gomphidae kuwa manya ne amma idanunsu a rabe suke. Don haka ba a yanke hukunci da alama ɗaya.

Akwai wani ƙwaron da ake rikita shi da siririn mazari, na dangin Myrmeleontidae, wanda ɗansa ke haƙa ɗan rami cikin rairayi yana dakon tururuwa. Idan ya girma yana da dogon ciki da fikafikai huɗu, amma gashin goshinsa dogo ne mai kauri a ƙarshe, kuma da dare yake zuwa wajen fitila. Ba shi da alaƙa da ruwa.

Rayuwa daga ƙwai zuwa tashi

Rayuwar mazari mataki uku ce: ƙwai, ɗan mazari da ke zaune a ruwa, sai babba mai fikafikai. Ba ya bi ta matakin kwanciya cikin kwasfa kamar malam buɗe littafi.

Wajen barbara namiji yana kama mace da 'yan ƙugiyoyin da ke ƙarshen cikinsa. Babban mazari a kai yake kama ta, siririn kuma a bayan wuya. Sai macen ta lanƙwaso cikinta zuwa gindin cikin namijin, inda ya riga ya ajiye maniyyi, su zama kamar zobe. A 1979 Jonathan Waage ya nuna cewa namijin wani siririn mazari na Amurka, Calopteryx maculata, yana fara kwashe maniyyin wanda ya riga shi kafin ya zuba nasa. Wannan gasa ce ke sa maza da yawa su ci gaba da riƙe mace, ko su tsaya gadin ta, har ta gama saka ƙwai.

Siraran mazari da dangin Aeshnidae suna tsaga jikin tsiron ruwa su cusa ƙwai a ciki. Yawancin dangin Libellulidae kuwa macen tana tashi ne tana dangwala ƙarshen cikinta a ruwa, ƙwan na zuba. Wani lokaci ƙyallin mota ko na kwalta yakan ruɗe ta, ta saka ƙwai a inda ba zai ƙyanƙyashe ba.

Ɗan mazari mafarauci ne. Leɓensa na ƙasa dogo ne, yana naɗe a ƙarƙashin fuska kamar hannu, da ƙugiyoyi a bakinsa. Idan abinci ya matso sai ya harba shi gaba cikin ƙiftawar ido ya fizgo. Yana cin tsutsar sauro, ƙananan ƙwarin ruwa, talibambam, har da 'ya'yan kifi. Yana saɓa sau da yawa yayin girma, galibi sau 10 ko fiye. A ƙasashe masu zafi wasu jinsuna suna gama girma cikin makonni, a ƙasashe masu sanyi kuwa wasu suna kai shekara 5 a ruwa.

Idan lokaci ya yi yakan hau kara ko dutse, sau da yawa da dare ko da asuba. Fatar bayansa ta tsage, babban ya fito, ya tura ruwan jiki cikin fikafikansa har su miƙe su bushe. Saɓar tana nan manne da karan. Yawancin manya suna rayuwa makonni kaɗan, amma a Afirka akwai jinsunan da ke shafe rani a inuwar kurmi suna jiran damina kafin su koma ruwa su hayayyafa.

Gane ɗan mazari cikin sauran halittun ruwa

Wanda ya zura rariya cikin ciyayin tafki zai kwaso halittu iri-iri. Alamar da ta keɓanta ga ɗan mazari ita ce naɗaɗɗen leɓen nan. Bayan haka:

Ɗan siririn mazari yana da dogon jiki da abubuwa uku masu kama da ganye a ƙarshen ciki, waɗanda yake numfashi da su. Yana iyo yana karkaɗa jiki hagu da dama.

Ɗan babban mazari gajere ne mai kauri, ba shi da ganyayen nan, sai 'yan tsinaye. Gaɓoɓin numfashinsa suna cikin dubura. Yana zuƙar ruwa ta nan, idan ya tsorata ya feso shi da ƙarfi ya yi gaba.

'Ya'yan rukunin Ephemeroptera su ma galibi wutsiya uku gare su, amma sirara kamar gashi, kuma gaɓoɓin numfashinsu suna jere a gefen ciki. Na rukunin Plecoptera wutsiya biyu gare su, ana samun su ƙarƙashin duwatsu a ruwa mai gudu. Yawancin na rukunin Trichoptera suna gina wa kansu kube da rairayi ko guntayen ganye. Waɗannan rukunai uku ba sa jure ƙazanta sosai, don haka yawansu alama ce ta ruwa mai tsabta. Idan kuwa babu komai a laka sai jajayen tsutsotsi na dangin Chironomidae, yawanci iskar numfashi ta yi ƙaranci a ruwan.

Tsutsar sauro ba ta da ƙafa, tana rataye a fuskar ruwa. Ta sauron Anopheles, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, kwance take daidai da fuskar ruwan, ta Culex kuwa kanta na kallon ƙasa a karkace. Ƙwaron dangin Gerridae yana gudu a bisa ruwa da dogayen ƙafafu, na dangin Notonectidae yana iyo a rigingine. Babban ƙwaron ruwa na dangin Belostomatidae, mai faɗin jiki da ƙafafun gaba kamar ƙugiya, cizonsa yana da zafi, ba a kama shi da hannu.

Wasu jinsunan Afirka ta Yamma

Afirka kudu da Sahara tana da jinsin mazari sama da 750. A 2015 kaɗai Klaas-Douwe Dijkstra da Jens Kipping da Nicolas Mézière sun bayyana sababbin jinsuna 60 daga nahiyar a cikin aiki guda. Daga cikin waɗanda aka fi gani a tafkuna da madatsun ruwa na yankin savana akwai:

Crocothemis erythraea. Namijin ja ne wur, da faffaɗan ciki, da tabo ruwan zuma a gindin fikafikan baya. Macen ruwan ƙasa ce mai ratsin rawaya.

Trithemis annulata. Namijin launin shunayya ne, jijiyoyin fikafikansa ja. Yana sauka a kan tsinke da fikafikai a sunkuye gaba, kuma da tsakar rana yakan ɗaga cikinsa ya nuna rana domin rage zafin da ke dukan jikinsa.

Brachythemis impartita. Namijin baƙi ne da baƙin ratsi a kowane fiffike. Yana tashi dab da ƙasa a bakin ruwa, yana bin shanu da mutane domin cafke ƙwarin da sawunsu ya tayar. Kafin 2009 ana ɗaukar sa jinsi ɗaya da Brachythemis leucosticta.

Palpopleura lucia. Ƙarami ne, namijin yana da manyan baƙaƙen tabo a fikafikai da ciki shuɗi mai haske.

Anax imperator. Yana kai kusan santimita 8, ƙirjinsa kore, cikin namijin shuɗi da baƙin layi. Yana sintiri a saman ruwa, ba kasafai yake sauka ba.

Ischnura senegalensis. Siriri ne mai tsawon kusan santimita 3, baƙi ta sama, da shuɗin tabo kusa da ƙarshen ciki. Jules Pierre Rambur ya bayyana shi a 1842, sunansa kuma daga Senegal ne. Yana jure gurɓataccen ruwa, ana samun sa tun daga Afirka har Japan.

Ceriagrion glabrum. Siriri ne, namijin ruwan goro tun daga kai har ƙarshen ciki.

Waɗannan duka jinsuna ne masu juriya da yaɗuwa. Akasinsu su ne na rafukan dazuzzukan tsaunuka, irin su Pentaphlebia gamblesi na tsaunin Obudu a Jihar Kuros Riba, wanda aka sa wa sunan Robert Gambles, mutumin da ya daɗe yana nazarin mazarin Najeriya. Irin waɗannan idan aka sare itatuwan da ke yi wa rafi inuwa sukan ɓace, masu juriya su maye gurbinsu.

Ƙaura

Pantala flavescens, mai launin rawaya zuwa ruwan goro da faffaɗan fikafikan baya, shi ne mazarin da ya fi kowane yaɗuwa a duniya. Yana bin iskar da ke kawo damina, yana saka ƙwai a kududdufan ruwan sama, 'ya'yansa kuma suna gama girma cikin mako 6 zuwa 9, kafin ruwan ya ƙafe. Shi ake yawan gani cikin gungu a saman fili ko gona lokacin damina. A 2009 Charles Anderson, masanin halittun teku da ke zaune a tsibiran Maldibs, ya kawo hujjar cewa wannan mazari yana tsallake Tekun Indiya daga Indiya zuwa Afirka ta Gabas. An ƙiyasta zagayen gaba ɗaya da kilomita 14,000 zuwa 18,000, wanda zuriya bayan zuriya ke kammalawa. Wani jinsin, Anax ephippiger, yana hayayyafa a kududdufan Sahel, iska kuma takan kai shi Turai, har an same shi a tsibirin Aisland.

Yadda ake nazarinsa a fili

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga hantsi zuwa la'asar, ranar da babu hadari ko iska mai ƙarfi. Jinsuna da yawa suna komawa kan tsinken da suka tashi, don haka wanda ya tsaya shiru zai samu damar ɗaukar hoto. Ana so a ɗauka ta sama da ta gefe, a rubuta wuri, kwanan wata, da irin ruwan: mai gudu ne ko tsayayye, da inuwa ko babu, akwai bado da kainuwa ko fili ne.

Launi yana ruɗarwa. Mace sau da yawa ba ta kama da namijin jinsinta. Wanda ya fito daga ruwa kwanan nan launinsa a kwance yake, fikafikansa na ƙyalli, tsofaffin maza kuma wata farar hoda mai shuɗi-shuɗi takan rufe musu jiki. A zuriyoyi irin su Orthetrum da Pseudagrion sai an duba ƙugiyoyin namiji da gilashin ƙara girma kafin a tabbatar da jinsi. Saɓar da aka tsinta a jikin kara ta fi ganin babba ƙarfin hujja, domin ita ke nuna cewa a wannan ruwan ya girma, ba wucewa ya zo yi ba.

A yankunan da ake da cutar tsargiya, shiga tsayayyen ruwa ba takalmin roba yana da haɗari, domin ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwar ruwa irin su Bulinus ta huda fatar mutum.

Amfani

Babban mazari yana cin sauro, ƙudaje, gara mai fiffike da sauran ƙananan ƙwari, kuma gwani ne wajen kamu. Binciken Stacey Combes da abokan aikinta a Jami'ar Harvard ya nuna wani jinsi yana cafke kashi 90 zuwa 95 cikin 100 na ƙudajen da ya bi. Shi ma abinci ne ga tsuntsaye, kwaɗi, kifi da gizo-gizo.

An gwada amfani da shi wajen yaƙi da sauro. A wani gwaji da aka wallafa a 1990, an zuba 'ya'yan Crocothemis servilia cikin mazuban ruwa na gidaje a birnin Yangon na ƙasar Myanmar, sauron Aedes aegypti mai yaɗa zazzaɓin dengi ya ragu ƙwarai. Amma wannan yana da iyaka. Sauron Anopheles gambiae ya fi hayayyafa a ƙananan ruwaye na ɗan lokaci, kamar sawun kofato da ramukan hanya, inda yakan gama girma kafin mafarauta su kafu. Ga shi kuma da dare yake cizo, mazari kuwa da rana yake farauta. Don haka mazari bai maye gurbin gidan sauro ba.

A Afirka ta Kudu Michael Samways da John Simaika sun tsara ma'aunin da ke ba kowane jinsi maki bisa yaɗuwarsa, da barazanar da yake fuskanta, da juriyarsa ga canjin muhalli. Jimillar makin jinsunan da aka gani a rafi tana nuna lafiyarsa, ba tare da kayan ɗakin gwaji masu tsada ba.

Barazana

A watan Disamba na 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar da sakamakon duba jinsi 6,016 na mazari, inda ta ce kashi 16 cikin 100 suna fuskantar haɗarin ƙarewa. A Kudancin Asiya da Kudu maso Gabashinta adadin ya haura kashi ɗaya cikin huɗu. Manyan dalilan su ne cike dausayi domin noma da gini, sare dazuzzuka, magungunan feshi, da gurɓatar ruwa.

A yankin Sahel irin wuraren da mazari ke hayayyafa sun canza sosai. Tafkin Chadi, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. A dausayin Haɗeja da Nguru, wanda aka sanya wani sashensa cikin jerin yarjejeniyar Ramsar a 2000, ambaliyar shekara-shekara ta ragu bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama.

Tarihi

Dangin mazari suna cikin tsofaffin ƙwari masu tashi. A 1880 an gano burbushin Meganeura a ma'adinan kwal na Commentry a Faransa, Charles Brongniart kuma ya bayyana shi a 1885. Ya rayu kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce, faɗin fikafikansa kusan santimita 70. Ba mazari ba ne irin na yau, ɗan uwa ne daga wani rukuni da ya ƙare. A cikin masu rai akwai zuriyar Epiophlebia ta Japan, Sin da tsaunukan Himalaya, wadda ta haɗa siffofin gidajen biyu: jikinta irin na babban mazari ne, fikafikanta kuma irin na siririn.